Wahalar Da Jikin Ɗan Gaba Ke Sha A Wasan Ƙwallo

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana bayani a kan wasan nan da mu ke so duka, watau tamaula, wadda yanzu aka fi sani da ƙwallon ƙafa. Daga Jere zuwa Kagarko, daga Kwoi zuwa Kafanchan, ba garin da za ka shiga da la'asar ba ka tarad da yara suna bin ƙwallo ba. In ka tare su ka tambayi ko wanne wurin da ya ke so ya tsaya, mafi yawansu gaba za su ce. Ba laifinsu ba ne. Ɗan gaba shi ke ci, shi a ke yi wa tafi, sunansa kuma a ke bugawa a bayan riga.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da yaran nan ba su gani a gidan kallo shi ne, ko wace ƙwallo ɗan gaba ya ci, da jikinsa ya biya kuɗinta. Ni kuwa da ya ke aikina koyar da wasannin motsa jiki ne, na daɗe ina bin labarin manyan 'yan gaba, na kuma lura da abu guda. Raunin farko ba safai ya kan raba mutum da sana'arsa ba. Abin da ya fi kashe ta shi ne yin wasa bisa ciwo, da komawa fili tun ba a warke ba. Tun da ya ke mu ne za mu riƙe usur a makarantu gobe, ya wajaba mu san wannan sosai.

Irin aikin ɗan gaba

Cikin wasa guda na minti 90, babban ɗan wasa ya kan yi gudun da ya kai wajen kilomita 10, watau mil 6 da 'yan kai. Wannan kaɗai ba wani abu ba ne, gama mai tallan nono da ke shigowa kasuwar Jere daga ruga ta kan yi fiye da haka da ƙwarya a ka. Bambancin yana wajen irin gudun. Ɗan gaba ya kan tsaya cik, sa'an nan ya zabura kamar an harba kibiya, ya ja birki, ya juya, ya yi tsalle, ya diro a ƙafa guda. Yana yin haka sau da yawa cikin wasa ɗaya, galibi kuwa ya ba raga baya, ga wani ƙato a bayansa yana jiran ƙwallo ta iso.

Har ila yau wurin aikinsa shi ne inda fili ya fi cunkoso. A bakin raga ne kawuna ke haɗuwa, nan gola ke fitowa da gwiwa da dunƙule, nan kuma turakun raga su ke. 'Yan baya sun sani in sun tsai da shi sun tsai da ƙungiyarsa, sabo da haka shi ya fi shan shuri. To, bari mu bi jikin nasa gaɓa gaɓa.

Gwiwa

Cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta juna kamar alamar sau ta lissafi. Ta gaba ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa daga ƙarƙashin na cinya. Abin mamaki, sau da yawa ta kan tsinke ba wanda ya taɓa mutum. Haƙoran takalmi su kafe a ƙasa, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi binsa, shi ke nan sai ka ga mutum ya zube. Jijiyar nan ba ta cika haɗewa da kanta ba. Likita ya kan yanko wata daga wani sashe na jikin mai ciwon, ya dasa a gurbinta, sa'an nan a shafe wata 9, ko kusa da shekara, ana koya wa ƙafar aiki.

Ga misali daga gida. Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, ya koma ƙungiyar Real Sociedad ta ƙasar Sifen a farkon Satumba 2022, bayan ya yi suna a Almería. Wasansa na farko ya ci Atlético Madrid. Ran 11 ga watan nan, a wasa da Getafe, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Bai sake buga musu wasa ba har kakar ta ƙare. Ku duba, ko mako biyu bai cika ba tsakanin murna da asibiti.

Ban da jijiya akwai guringuntsi, wanda ke tsakanin ƙashi da ƙashi kamar gammo tsakanin kai da tulu. In ya yage ko ya cinye, ba ya tohowa yadda ya ke da. Sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, gwiwa ta riƙa tara ruwa. Wannan shi ne mafarin amosanin gaɓɓai da ke damun tsofaffin 'yan ƙwallo tun ba su kai shekarun tsufa ba.

Manya cikinmu sun tuna Daniel Amokachi, wanda aka yi wa laƙabi da Bijimi sabo da ƙarfinsa. A Kaduna aka haife shi cikin 1972, a Ranchers Bees ya fara suna. Ya tafi Club Brugge ta Beljiyam cikin 1990. A Kofin Duniya na 1994 ya ci Bulgeriya, ya ci Girka. Ya ɗauki kofin FA na Ingila da Everton cikin 1995, ya kuma ci Ajantina a wasan ƙarshe na Olimfik cikin 1996, ran da Nijeriya ta sami zinariya. Amma a Kofin Duniya na 1998 wasa ɗaya tak ya buga, don ciwon gwiwa. Da ya bar Beşiktaş ta Turkiyya cikin 1999, wata ƙungiya ta Jamus, 1860 Munich, ta ɗauke shi, sai likitocinta suka auna shi, aka fasa. Shekararsa 26 ke nan, lokacin da ɗan gaba ke shiga ganiyarsa. Bai ƙara komawa irin matsayin nan ba.

Labarin Ronaldo na Barazil shi ya fi nuna haɗarin ciwo na biyu. Cikin Nuwamba 1999, yana Inter Milan, jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwarsa ta dama ta sami rauni, aka yi masa aiki. Ya komo fili ran 12 ga Afril 2000 a wasa da Lazio. Bai wuce minti 6 ko 7 ba jijiyar ta tsinke ɗungum. Ciwon farko wata 5 ya ci masa, na biyu ya ci fiye da shekara. Gaskiya ne ya farfaɗo, har ya ci ƙwallo 8 a Kofin Duniya na 2002. Duk da haka sa'ad da ya bar wasa cikin 2011, ya faɗa da bakinsa cewa jikinsa ne ya kayar da shi.

Idon sawu da tsoka

Idon sawu shi ke shan shurin 'yan baya, shi kuma ke gurɗewa wajen dira. Targaɗe a wurinmu ƙaramin abu ne, a murza da man zafi a ci gaba. Amma targaɗe yagewar jijiya ne, in kuwa ba ta warke sarai ba gaɓar ta kan yi sako-sako, ta riƙa gurɗewa a kai a kai.

Marco van Basten na Holan sau 3 ana zaɓensa gwanin Turai, cikin 1988 da 1989 da 1992. Tun yana Ajax ya ji ciwo a idon sawu, ya ci gaba da wasa da shi. Aka yi ta yi masa aiki, ciwo na komowa. Wasansa na ƙarshe shi ne na Mayu 1993, yana da shekara 28. Ya yi shekara 2 yana jiyya da sa rai, cikin 1995 ya haƙura. Daga baya sai da aka haɗe ƙasusuwan gaɓar suka zama ɗaya, don ya sami sauƙin zogi. Shi ma Gabriel Batistuta na Ajantina ya ba da labari cikin 2014 cewa bayan ya bar wasa, zogin idon sawunsa ya kai har ya roƙi likita ya yanke masa ƙafafu. Likita bai yarda ba, amma ku dubi irin azabar da za ta sa mutum ya roƙi haka.

Tsoka kuwa, wadda ta fi yagewa ita ce ta bayan cinya, domin ita ke riƙe ƙafa sa'ad da mutum ya ƙure gudu. Likitocin da ke yi wa hukumar ƙwallo ta Turai, UEFA, lissafin raunukan manyan ƙungiyoyi tun 2001, sun iske wannan ciwo ya fi ko wane yawa. Mugun halinsa shi ne, zafinsa ya kan tafi tun tsokar ba ta gama haɗewa ba. Mutum ya ɗauka ya warke, ya zabura, ta sake yagewa a wurin da.

Fuska da ciki da kai

Ran 21 ga Nuwamba 2021, Victor Osimhen yana yi wa Napoli wasa da Inter Milan, suka yi karo da ka shi da wani ɗan baya, Milan Škriniar. Ƙashin kumatunsa da na kwarmin idonsa suka farfashe. Sai da likitoci suka sa masa faifan ƙarfe 6 da ƙusa 18 a fuska. Bai sami zuwa Kofin Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022 ba. Asalin baƙin takunkumin nan ke nan da yaranmu suka riƙa kwaikwayo da kwali da roba, suna tsammani ado ne. Shi ya yi sa'a, ya warke, ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya ta kakar 2022 zuwa 2023, aka kuma zaɓe shi gwanin Afirka na 2023.

Akwai kuma ciwon da ido ba ya gani. Ran 11 ga Mayu 2025, Taiwo Awoniyi na Nottingham Forest ya bi ƙwallo ya yi karo da turken raga da cikinsa. Aka duba shi, ya miƙe, ya yi ƙoƙarin ci gaba da wasa. Ashe ya ji mummunan rauni a hanji. Sai da aka yi masa aikin gaggawa. Ba jini a waje, ba karaya, alhali kuwa ransa ne ke cikin haɗari.

Na kai ya fi duka ɓoyuwa, gama ya kan yi shekaru bai bayyana ba. Jeff Astle na West Bromwich Albion gwanin ci da ka ne a zamanin ƙwallon fata, wadda kan sha ruwa ta yi nauyi. Ya rasu cikin 2002 yana da shekara 59, bayan hankalinsa ya gushe. Alƙalin binciken mutuwa a Ingila ya yanke cewa sana'arsa ce sanadi. Cikin 2019 masana na Jami'ar Glasgow suka bi labarin tsofaffin 'yan ƙwallon Sikotilan fiye da 7,000. Suka iske mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran mutane wajen sau 3 da rabi a cikinsu. Da suka ƙara bincike sai suka ga 'yan baya sun fi kowa shiga haɗarin, 'yan gaba ma suna ciki, amma masu tsaron gida, waɗanda ba su cika sa kai ba, ba su bambanta da sauran jama'a sosai ba. Don haka ne tun 2020 hukumar ƙwallo ta Ingila ta ce a daina koya wa 'yan firamare sa kai wajen horo.

Me ya sa su ke wasa da ciwo?

Wani zai ce, mutum mai dukiya haka, ga likitoci, me zai hana shi hutawa? Dalilan suna da yawa. Na farko, ƙungiya ta zuba kuɗi a kansa, ƙwallo kuwa ta ke so. Na biyu, akwai wani a benci yana jiran gurbinsa, in ya shiga ya ci sau biyu an manta da mai jiyya. Na uku, kwanakin sana'ar kaɗan ne, ga dangi a gida sun zuba ido. Na huɗu, akwai allurar kashe zafi. Zafi kuwa ɗan aike ne, shi ke gaya maka wuri kaza ya ɓaci. In ka kashe ɗan aike ba ka gyara ɓarnar ba, kunnenka kawai ka toshe.

Ga kuma yawan wasanni. Babban ɗan wasa ya kan buga 50 ko 60 a shekara, wani lokaci kwana 3 tsakanin wasa da wasa, ban da doguwar tafiya a jirgi. Ɗan Nijeriya da ke Turai sai ya buga ran Lahadi cikin sanyi, tsakiyar mako yana Uyo cikin zafi. Tsokar da ba ta huta ba ita ke yagewa.

Ba a ce masu dokar wasa sun zauna kurum ba. A Kofin Duniya na 1970 aka fara aiki da katin gargaɗi da jan kati, a nan kuma aka fara yarda a musanya ɗan wasa a gasar. Kafin nan in ka ji ciwo, ko ka ɗingisa har a tashi, ko 'yan'uwanka su ƙarasa su 10. Cikin 1990 aka tilasta sa makarin ƙwauri. Cikin 1998 aka tsananta hukuncin shuri ta baya. Tun 2020 a ke musanya mutum 5, cikin 2024 kuma doka ta ba gasa damar ƙara musanya guda don wanda ya bugu a ka. Duk wannan ya rage, amma bai kawar ba.

Namu aikin

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Waɗannan da na ambata a kan ciyawa mai laushi su ke wasa, da likita a bakin fili. Yaranmu fa? Da rani filayen makarantunmu su kan bushe su yi tauri kamar daɓe, ga tsakuwa, ga ramuka. Da damina, tun da ya ke ƙasarmu ta kudu mai yawan ruwa ce, sai santsi da zaizaya. Wani yaro da takalmi mai haƙora, abokin karawarsa ƙafa tsirara.

Na taɓa ganin yaro a wata gasar makarantu, gwiwarsa ta kumbura tun wasan kusa da na ƙarshe. Da ya ke shi ne mai ci musu, aka ɗaure masa da tsumma, aka shafa man zafi, aka tura shi wasan ƙarshe. Makarantarsu ta ɗauki kofi. Kofin yana nan bisa kabad yana shan ƙura, yaron kuwa ya zama magidanci, har yau ba ya iya tsugunawa sosai. Kada ɗayanmu ya zama malamin da zai yi wannan ciniki. Ga abin da na ke ba ku shawara ku riƙe in kun fita aiki.

1. Kafin wasa ku zaga fili da yara, a tsince duwatsu da kwalabe, a cike ramuka, a tabbata turakun raga sun kafu.

2. Kada a fara sai an motsa jiki. Hukumar FIFA tana da wani tsari na minti 20 mai suna 11+, na gudu da tsalle da tsayuwa a ƙafa guda. Ba ya bukatar kayan aiki, bincike kuma ya nuna yana rage rauni ƙwarai.

3. Ku haɗa yara sa'a da sa'a. Ƙasusuwan yaro ba su gama ƙosawa ba, kada a sa ɗan shekara 12 ya kara da ɗan 18.

4. In an yi targaɗe a fid da yaro, a sa ƙanƙara cikin tsumma ko ruwan randa mai sanyi, a naɗe da bandeji ba da tamkewa ba, a ɗaga ƙafar bisa. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi a kwana biyun farko.

5. Gwiwar da ta yi ƙara, ta kumbura nan da nan, ko ta ƙi ɗaukar mai ita, ta asibiti ce. Ban raina maɗora ba, amma jijiyar cikin gwiwa ba ta ɗoruwa da kara. In ana zaton karaya a fara ɗaukar hoton ƙashi. Ɗaurin da ya tamke ƙwarai ya kan tsare jini, har a yi asarar gaɓa.

6. Wanda ya bugu a ka ya yi jiri, ko ya rikice, ya gama wasa ran nan, ko da ya rantse ya warke. In ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Haka kuma wanda ya bugu a ciki, zafin ya ƙi lafawa. Ƙananan yara kuwa a bar koya musu sa kai.

7. Kada yaro ya koma fili sai yana iya gudu da juyi da tsalle a ƙafar ba zafi, ba kumburi. Shi ba zai faɗi gaskiya ba, don yana son wasa. Malami ne zai tsaya masa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka, shi ne karatu. In kun sami yaro mai baiwa ku ƙarfafa shi, ban ce a hana shi ba, gama daga Kadunan nan Rashidi Yekini ya fito, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya cikin 1994. Amma ku zaunad da shi ku yi masa lissafi. Wanda ya yi sa'a ƙwarai ya kan bar wasa yana da shekara 35 ko kusa da haka, wanda bai yi sa'a ba tun yana 26, rayuwa kuwa ba nan ta tsaya ba. Ku nuna masa sana'ar da ke rataye a jijiya guda ba a dogara da ita kaɗai. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Iyakar abin da na ga ya kamata in faɗa ke nan. Ina fata waɗanda za su fita koyon aiki bana a makarantun Jere da Kachia da Zonkwa da Kafanchan za su gwada shawarwarin nan, su kuma rubuto wa Edita abin da suka gani, domin mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu lafiya, mu da yaran da aka ba mu amana.